Farautar Auta

Gonar tana da shanu goma sha tara, da awakin da ba wanda ya taɓa sanin adadinsu, da zabi, da jimina guda ɗaya wadda ta ɗauki taraktar gonar a matsayin uwarta, duk inda aka tuƙa ta sai ta bi ta tana rausaya. Akwai ɗakunan baƙi huɗu masu farin fenti, kowanne da kujerar kwanciya a ƙofarsa. Amma ba don waɗannan mutanen birni suke tahowa ba. Abin da ke kawo su shi ne allon da Manaja ya kafa a bakin titi, wanda ya ce a zo a huta, a ga namun daji, a yi farauta.

Namun dajin kuwa, in za a faɗi gaskiya, barewa ce guda ɗaya. Sunanta Auta.

Baba Maharbi ne ya tsince ta shekara huɗu da suka wuce, bayan wata gobara da ta cinye ciyawar bayan rafi. Ba ta fi kyanwa girma ba, a cikin hularsa ya kawo ta gida. Matarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo saboda ita ce gwaggon Manaja, ta shayar da ita madarar akuya da kwalbar jarirai, ta kwantar da ita a tsohon zanenta. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse, shi ya sa sunan ya zauna mata daram.

Farautar Auta ba ta da wuya, sai dai tana son tsari. Tun da yamma Baba zai ɗauki wani kofato da ya sassaƙa da itace, ya bi ta bayan garke, ya zagaya rafi, yana danna shi a ƙasa mai laushi. Da safe sai ya ja baƙo su bi sawun. Ya durƙusa, ya shinshina ƙasa, ya tauna ganye ya tofar, ya ɗaga yatsa a yi shiru. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba sai ya mai da ita ta awa biyu, domin mutumin birni ba ya yarda da abin da bai yi gumi a kansa ba. Kafin su iso gindin wata tsamiya, Gwaggo ta riga ta saki Auta, ita kuma ta san wurinta: wani suri da ake ajiye mata kanwa a kai. Nan za ta tsaya ta ba da gefe, kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Sai Baba ya miƙa wa baƙo tsohuwar bindigarsa, wadda ya ɗura da albarushi da tsumma, babu ko ƙwayar dalma. Baƙo ya ja kunama. Ƙara, hayaƙi, tari. Gwaggo na can bayan garke, da ta ji ƙarar sai ta buga cokali a jikin wani jan kwano, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Auta ta yi tsalle uku ta ɓace, ta tafi cin dusarta.

"Kai!" Baba zai ce, ya dafe ƙeya. "Ranka ya daɗe, gashin kunnenta ka aske. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban ga hannu irin naka ba."

Baƙo ya koma birni yana ɗaga kafaɗa. An harbi Auta sau ɗari da wani abu, ita kuwa kullum ƙiba take yi.

Baba bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Wani lokaci ma yakan zauna a kan turmin ƙofar ɗakinsa yana tunanin kunnuwan nan ɗari da aka aske a bakin mutanen birni, har ya fara mamaki ko akwai wata barewa a wani daji mai nisa da take yawo da kunne fes, ba ta san dalili ba.

Ana nan, sai wata ranar Alhamis mota ta tsaya, wani mutum ya fito da doguwar baƙar akwati a hannu. Likitan ido ne da ya yi ritaya, gajere, mai sanƙo, yana magana a hankali kamar mai tsoron kalmomin su fashe a bakinsa. Matarsa ta fito a bayansa, mace mai fara'a da ba ta iya ganin ƙofa a rufe. Kafin a gama shigar da kayansu ta buɗe wa kaji akurki, ta kwance ɗan akuya daga turke, wai igiyar ta matse masa wuya.

Da la'asar Likita ya buɗe akwatin a kan teburin baranda. Bindiga ce sabuwa dal, da madubin hangen nesa a bayanta. Ya ce a ɗora masa gwangwanin madara a kan shinge. Aka ɗora. Ya ce a ƙara nisa. Aka ƙara, har Baba ya daina ganin gwangwanin sam, sai shingen. Likita ya gyara tsayuwa, ya numfasa, ya harba. Da aka kawo gwangwanin, ramin yana tsakiyar goshin saniyar da aka zana a jiki.

Baba ya waiwaya, ya ga Gwaggo tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ita ma ta gani.

"Ranka ya daɗe," Baba ya ce, yana murmushin da bai kai zuci ba, "gobe da tawa za ka yi harbi. Dajin nan bai saba da baƙuwar bindiga ba."

"Zai saba," in ji Likita. Ya goge bindigarsa, ya mayar akwati, ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuya.

Baba ya tarar da Manaja a ofishinsa, wani ɗan ɗaki da ke warin maganin kaska. Ya faɗa masa komai.

"Baba, ka san waye mutumin nan?" in ji Manaja. "Suna da ƙungiya, tsofaffin likitoci, su talatin. In ya ji daɗi duk zai kwaso mana su. Ka nuna masa ko da wutsiyarta ce."

"Yaro, wutsiyar ai a jikinta take."

"To ka san yadda za ka yi. Kai ne maharbi."

A gida kuwa Gwaggo ba ta ja zance ba. Tana zaune Auta ta ɗora haɓa a cinyarta, tana sosa mata tsakanin ƙaho.

"Tsoho, ka saurare ni da kyau. In gashi ɗaya ya bar jikin yarinyar nan, ka je ka nemi ɗaki wajen jimina."

"Haba, ke kuwa. Ni ma ai 'yata ce."

"Gashi ɗaya na ce."

Suka yanke shawara a tsakaninsu, ba tare da Manaja ba: gobe Auta ba ta fita. Za a rufe ta a sito, Baba ya yi ta yawo da Likita har ƙafarsa ta gaji, ya ce yau dajin bai yi sa'a ba. Kafin rana ta faɗi ya fita da kofatonsa ya shimfiɗa sawu mai tsawon da bai taɓa yi ba, ya kai shi can wajen duwatsu inda ko ɓera ba ya zama. Ya dawo ya ɗura bindigarsa, don maharbi ba ya tafiya hannu rabbana.

Da gari ya waye hankalinsa ba ya jikinsa. Ya sake ɗura bindigar, ya manta ya ɗura ta jiya. Ya ɗauki jan kwano da dusa ya yaudari Auta zuwa sito, ya juye mata dusar a ƙasa, ya fito ya ja ƙofa ya sa sakata. Daidai nan ya ji muryar Likita a bayansa yana cewa, "Baba, mun shirya?" Don kada a tambaye shi abin da yake yi da kwano a ƙofar sito, sai ya cusa shi cikin jakarsa, a kan kofaton itace, ya juyo yana washe baki.

Suka kama hanya. Baba ya yi duk abin da ya saba, har da ƙari. Ya shinshina ƙasa, ya tauna ganye, ya kwanta ya kara kunne a jikin dutse. Likita yana biye, bai yi ƙorafi ba, sai dai kowane 'yan taku sai ya sunkuya ya daɗe yana kallon sawun. Mutum ne da ya shekara talatin yana neman abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin idon mutane.

"Baba, zo ka ga abin mamaki. Wannan barewar ƙafa ɗaya gare ta?"

"Na'am?"

"Tun daga rafi nake dubawa. Duk sawun na ƙafar hagu ne, ta gaba. Ga ma 'yar tsaga a gefe, iri ɗaya a kowanne."

Baba ya durƙusa ya kalli aikin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya sosa gemu.

"Akwai irinsu, ranka ya daɗe. Tsalle suke yi. Kakana ya taɓa ganin mai ƙafa bakwai, to ka ga dole a wani wuri an rage wa wata."

"Ikon Allah," in ji Likita. "Kuma duk inda ta taka, akwai wani mutum mai takalmin roba da ke tafiya a gefenta. Dunduniyarsa ta dama ta cinye."

Baba ya ja ƙafarsa ta dama a hankali ya ɓoye ta cikin ciyawa.

"Ɓarayin nama ne. Bin ta suke yi."

"Allah ya shirye su," in ji Likita, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Rana ta ɗaga. Sun kusa duwatsu sai Likita ya tsaya, ya nuna wani tsohon sawu da ya ratse ta hagu, na makon jiya, wanda ruwa bai wanke ba. Ya ce shi wannan ya fi kwanta masa a rai. Baba ya san inda sawun ya nufa, gindin tsamiya. Ya yi tunani ya ga ba komai. Auta na sito, sakata na ƙofa, kuma tsamiyar na da inuwa, gwiwoyinsa kuwa sun fara kuka. Ya ce to, a bi.

Suna isa gindin tsamiyar, Baba ya ɗaga kai don ya nuna wa baƙonsa surin da babu kowa a kai.

Auta na tsaye a wurinta. Tana lasar kanwa, ta ba da gefe, rana na sheƙi a bayanta.

Daga baya ne aka ji cewa matar Likita ce ta ji wani abu yana kuka a sito, tausayi ya kama ta, ta zare sakata. Auta kuwa ta ga lokacin aiki ya yi, ta tafi wurin aiki. Amma a wannan lokacin Baba bai san komai ba sai abu ɗaya: Likita ya riga ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya sa ido a madubi, yatsansa na kan kunama, yana sauke numfashi irin na jiya.

Baba bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗaga bindigarsa sama ya ƙwala ihu, "Maciji!" ya ja kunama.

Bindigar da aka ɗura sau biyu ba ta yi wasa ba. Ƙarar ta tayar da duk zabin gonar, hayaƙi ya rufe tsamiya, Baba ya tashi sama da ƙafafunsa biyu ya faɗo ta baya. Auta ta yi tsallenta na farko, ta nufi gida, kamar yadda ya so. Sai dai jakarsa ta bugi saiwar tsamiya ta gangara, kofaton itace yana dukan jan kwano a ciki.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Auta ta ci birki. Ta karkaɗa kunne. Shekara huɗu ba a taɓa kiran ta daga wannan ɓangaren ba, amma kwano kwano ne. Ta juyo ta taho musu a guje.

Ta cikin hayaƙi Baba ya ga bakin bindigar Likita yana bin ta, a hankali, ba ya rawa. Yana kwance, ƙugunsa ya ƙi tashi. Duk dabarun shekara arba'in suka gudu suka bar shi.

"Kada ka harba!" ya ce, muryarsa ta fashe. "Don girman Allah, Likita, 'yata ce!"

Bakin bindigar ya ci gaba da bin ta. Taku ashirin. Taku goma. Auta ta wuce ta gefen Likita har ta goge shi da kafaɗa, ta tsallake ƙafafun Baba, ta cusa kai cikin jaka. Jan kwano ya mirgino waje. Kofaton itace ya biyo shi, ya tsaya a gaban takalmin Likita, 'yar tsagarsa na kallon sama.

Likita ya jingina bindigarsa a jikin tsamiya. Bai kalli kofaton ba, bai kalli Baba ba.

"Tun yaushe idonta na hagu ke zubar da ruwa?" ya ce.

"Ido?"

"A madubi na gani. Ya yi ja, tana ƙifta shi fiye da ɗayan. Taso ka riƙe mini kanta."

Baba ya rarrafo ya rungumi wuyan Auta. Likita ya zaro 'yar tocila daga aljihu, da wata ƙaramar jaka mai hantsaki da almakashi, wadda ya ce ko wanka zai shiga tana kusa da shi. Ya datse 'yan gasun da suka manne a gefen idon, ya ɗaga fatar, ya haska, ya ce mata, "Dubi sama, 'yan mata," kamar yadda ya faɗa wa dubban mutane. Sai ga shi ya zaro wani siririn ƙaiƙayi. Ya ɗiga mata magani. Auta ta yi atishawa, ta fara tauna aljihun rigarsa.

"Da kwana uku aka ƙara, da ta rasa idon," in ji Likita. "Ku riƙa jiƙa mata dusar."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ranka ya daɗe, da za ka harba?"

"Da ta ba ni ɗaya gefen, da ban ga idon ba," in ji Likita. Ya sunkuya ya ɗauki kofaton, ya jujjuya shi. "Mutum nawa?"

"Ɗari da 'yan kai."

"Duk kunne suke askewa?"

"Duk kunne. In baƙo ya cika rowa, sai in ce wutsiya."

Kafaɗun Likita suka fara rawa. Ya zauna daɓas a kan saiwa, dariya ta ci ƙarfinsa, har ya cire tabarau yana share hawaye. Da ƙyar ya samu ya yi magana.

"Shekara uku da suka wuce, ka tuna wani dogo mai gashin baki, likitan haƙori?"

"Mai hular nan mai faɗi? Da ya harba ya jefar da bindigar ya rungume ni?"

"Shi! Baba, shekara uku mutumin nan bai bar mu mun sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk taro sai ya tashi ya nuna mana yadda ya aske kunnen barewa tana cikin gudu. Bara tsakaninsu taku ɗari ne, bana ya kai ɗari uku. Saboda shi na sayi wannan bindigar. Saboda shi na yi wata takwas ina kashe gwangwanaye."

"To yanzu sai ka je ka tona mana asiri."

"In tona? In rasa wannan daɗin?" Likita ya mayar da tabarau. "Duk sanda ya fara, zan gyara zama in ce, ƙara mana, aboki, yaya ma ta yi tsallen? Kuma duk zan kawo su nan, su talatin, kowa ya aske rabonsa. Tawa bindigar a gida za ta zauna, ba za ta sake zuwa ba." Ya tattara 'yan gasun da ya datse, ya naɗe su a takarda, ya sa a aljihu. "Wannan kuma shaidata ce. Shi ba shi da ko ɗaya."

A hanyar komawa suka haɗu da Gwaggo. Ta tarar da sito a buɗe, ta nemi kwano ta rasa, sannan ta ji ƙarar da ba ta taɓa jin irinta ba. Ta taho babu takalmi, ɗankwali a hannu, cokali a ɗaya hannun. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta durƙusa ta shafa Auta tun daga hanci har wutsiya, ta ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa cikin kunnuwa. Da ta zo kan idon hagu sai hannunta ya tsaya.

"Ina gashin nan?"

"Gwaggo, aiki na yi mata," in ji Likita. "Ƙaiƙayi ne ya..."

"Na gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Ba da kai nake ba." Ta juya. "Tsoho. Gashi nawa na ce?"

"Haba, ke kuwa, idonta fa aka ceto."

"Nawa na ce?"

"Ɗaya."

Ta fizge jan kwanonta daga hannunsa, ta sa Auta a gaba, suka wuce.

Baba ya wuni a gindin shingen jimina, ƙugu na ciwo, rabin gemu ya babbake. Manaja ya zo wucewa yana murna, wai Likita ya kama ɗakuna huɗun duka na wata mai zuwa, ya tambaye shi yadda ya yi. Baba ya ce sirrin sana'a ne. Jimina ta zo ta tsaya a kansa, ta daɗe tana duban sa da ido ɗaya, sannan ta cire masa hula ta tafi da ita wajen tarakta. Bai bi ta ba. Yana ta tunanin barewa mai ƙafa bakwai ɗin nan, yana ganin kamar da gaske kakansa ya taɓa ba shi labarinta.

Da rana ta yi sanyi, Auta ta sulalo ta zo ta kwanta a gefensa, idonta ya fara washewa. Suna nan zaune su biyu, sai daga ƙofar kicin aka buga cokali a jikin kwano. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Auta ta miƙe tsam. Baba ya ci gaba da zama, don ya san ba shi ake kira ba.

Sai aka sake bugawa, wannan karon da ƙarfi, irin bugun mai fushi da ta gaji da jira.

Baba ya dafa shinge ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya bi bayan Auta yana ɗingishi.